Gwangwanin An Amsa

Kwana ashirin da ɗaya aka ba su su tattara nasu ya nasu. Matar da ke bayan gilashi a ofishin shige da fice ta turo fasfo uku ta ƙasan taga, ta ɗora wata farar takarda a kai, ta ce da harshen ƙasar ba za a sabunta musu izinin zama ba. Ko kai ba ta ɗaga ba, har ta danna lambar mai bi musu a layi. Shekara goma sha ɗaya Fasto da matarsa suka shafe suna aikin bishara a garin nan, amma sallamar ba ta ci minti biyu ba.

Fasto har godiya ya yi mata. Shi dai haka Allah ya yi shi, ko ƙafa ka taka masa shi zai fara ce maka sannu. Matarsa kuwa, wadda kowa a ikilisiya ke kira Mama, ta kwashi fasfo ɗin ta zuba a jaka. Sai da suka shiga bas ya fara kwantar mata da hankali, wai dama shugabannin mishan sun ce akwai gurbi a wata ƙasa, makarantar horar da masu bishara, ga gida mai ɗaki biyu, ga sakandare kusa saboda babbar 'yarsu. Ta bar shi ya gama, sannan ta juyo ta dube shi.

"Jela fa?"

Ya juya fuskarsa wajen taga. Har suka sauka idonsa na kan titi.

Jela ita ce ƙaramar 'yarsu. Ba sunanta na gaskiya ba ne, yayarta ce ta laƙaba mata shi, ita kuma ta rama da kiranta Yaya har sunan ya bi ta. Tun yarinyar na rarrafe ƙafarta ƙafar uwarta. Mama na kicin tana riƙe da gefen zaninta, Mama ta shiga banɗaki tana zaune a bakin ƙofa tana zuba mata surutu ta ramin makulli. Ba ta tsoron kare, ba ta tsoron allura, abu ɗaya ne ke firgita ta, a bar ta a ɗaki ba kowa. "Mama, kada ki bar ni ni kaɗai," ita ce waƙarta safe da yamma, har ta zama abin tsokana a gidan. Tana da shekara takwas ciwon ƙoda ya kama ta. Aka yi wata bakwai ana zarya tsakanin gida da asibiti, a kwanciyar ƙarshe kuma aka sa ta a ɗakin da ba a barin iyaye su kwana. Mama ta roƙa, ta yi kuka, ta yi faɗa, doka dai ba ta motsa ba. Da nas ta ce lokaci ya yi, Jela ko kuka ba ta yi ba, hannu kawai ta ɗaga ta ce, "Je ki, Mama, sai da safe." Mama ta fita tana cewa a ranta ciwon ya cinye yarinyar har ƙarfin kuka ba ta da shi. Da asuba aka kira su a waya.

Shekara huɗu ke nan. Kabarin na maƙabartar da ke bayan tashar jirgin ƙasa, layi na tara, kusa da famfo. Kowace Laraba Mama za ta ɗauki guntuwar tsintsiya da ƙaramin bokiti ta tafi, ta share, ta ba furen ruwa, ta zauna tana ba da labarin gida, wa ya yi me, wa ya ce me. Ko da ruwa ko da zazzaɓi ba ta taɓa fashi ba. A ranta ba shara take zuwa yi ba, zuwa take ta taya yarinya zama. Fasto ya sha gaya mata a hankali cewa Jela ba ta cikin ƙasar nan, tana wurin Ubangiji. Ita ma ta sani, ai ita ke koya wa mata haka a taron ranar Asabar. Amma abin da kai ya sani daban, abin da cikin uwa ya yarda da shi daban.

A saman firijin gidan akwai gwangwanayen madara guda biyu. Fasto ne ya ƙirƙiro abin tun farkon zuwansu, lokacin ba su san kowa ba, ko gaisuwar mutanen ƙasar ba su iya ba. Ɗaya an manna masa takarda an rubuta Muna Jira, ɗaya kuma An Amsa. Duk mai buƙata sai ya rubuta a guntun takarda ya jefa a na farko. Kullum kafin karin kumallo a juye su a tebur, a bi su ɗaya bayan ɗaya da addu'a. Dokoki biyu ne kawai. Takardar da aka naɗe sau huɗu ba a buɗe ta, tsakanin mai ita da Allah ne, riƙe ta kawai ake yi a ce, Ubangiji, Ka san abin da ke ciki. Sannan ba mai mayar da takarda cikin An Amsa sai wanda ya rubuta ta, shi ma sai ya sa kwanan wata a bayanta. Abin da bai shiga gwangwanin nan ba kaɗan ne: jarrabawar Yaya, naƙudar matar mai gidan burodi, haƙorin Fasto, har kyanwar maƙwabta da ta ɓata, wadda Jela ta dage sai an roƙa mata, ta kuwa dawo da 'ya'ya huɗu.

A cikin Muna Jira akwai wata takarda da ta yi laushi, gefenta ya yi baƙi don yawan taɓawa. Ta Mama ce, a naɗe take, amma kowa ya san abin da ke ciki, don ranar da likita ya faɗi sunan ciwon ta rubuta ta. Shekara huɗu kullum Fasto sai ya ɗauka, ya riƙe, ya mayar. Bai taɓa ce mata ta cire ba. Ita kuma tun asubar nan hannunta bai sake taɓa gwangwanin An Amsa ba, ko ƙurarsa Yaya ke gogewa. Abin da ba wanda ya sani sai ita shi ne Mama ta daina addu'a. Tana rufe ido, tana cewa amin inda ake cewa, tana jagorantar taron mata da murya mai daɗi, amma ba abin da ke tashi daga zuciyarta zuwa sama. Fushi take da Allah, irin fushin matar da ba ta fasa yi wa miji girki ba amma ta daina yi masa magana.

Washegarin da aka hana su izini, da aka juye gwangwani, takardar Fasto ta faɗo a buɗe: A sabunta mana izinin zama. Yaya, wadda yanzu shekararta sha biyar kuma bakinta ba linzami, ta ɗaga ta sama.

"Baba, wannan ina za mu kai ta? Ba jira muke ba, ba a kuma amsa ba. Sai dai a nemo gwangwani na uku a rubuta masa An Ce A'a."

Fasto ya yi murmushi ya karɓa. "A'a ma amsa ce, 'yata." Ya juya bayanta ya sa kwanan wata, ya jefa cikin An Amsa. Mama ta ture kujera ta tashi, ta bar shayinta yana hucewa.

Daga nan gida ya koma kasuwa. Kamfanin jirgi ya ce kowa akwati biyu, kowane kilo ashirin da uku, ko rabin kilo aka ƙara sai an yi magana. Suka aro sikelin banɗaki wurin maƙwabciya. Fasto zai hau shi kaɗai, ya sauka, ya rungumi akwati ya sake hawa yana nishi, Yaya na durƙushe tana karanto lamba tana cewa ai Baba ne ya kamata a rage wa kilo ba akwati ba. 'Yan ikilisiya suka yi ta shigowa, su yi kuka, su rungume Mama, su fita da tukunya ko labule. Baƙo raɓa ne, an sha faɗa, amma Mama ba ta taɓa zaton da ita ake ba sai da ta ga tabarmar ƙofarta a hammatar wata. Mai gidan haya shi ma ya zo yana bin bango da yatsa yana neman ramin ƙusa, ya tsaya a ƙofar kicin inda aka yi ta zana tsawon yara da fensir, ya ce a shafe da fenti kafin a ba shi makulli. Layin Yaya ya wuce kafaɗar uwarta. Na Jela ya tsaya a ƙugu.

Mama ba ta zauna ba. Sau biyu ta koma ofishin shige da fice da takardar roƙo, ba tare da ta gaya wa mijinta ba. Taga daban, fuska daban, amsa ɗaya. Ranar Laraba ta tsaya wurin mai gadin maƙabarta, wani dattijo mai ɗingishi da ya saba ganinta, ta tambaye shi yadda ake yi in mutum yana so a tono nasa ya tafi da shi.

Dattijon ya daɗe yana kallonta. "Takardun kaɗai wata shida ne, in an yi sauri. Ki bar ta ta huta, uwa. Ina nan, zan riƙa ba furen ruwa."

"Ba ruwa ne damuwata ba, Baba."

"Na sani," in ji shi. Ya koma kan bencinsa.

Saura kwana tara, suna ɗaki suna naɗe kaya, ta fito da abin da ke cinta.

"Baban yara, ku tafi kai da Yaya. Ni zan zauna."

"Da wace takarda za ki zauna? A ina?"

"Ko a ina. Sau ɗaya na bar yarinyar nan. Sau ɗaya aka ce in fita na fita, ka ga abin da ya biyo baya. Yanzu kuma in hau jirgi in bar ta a ƙasar da ba ta da kowa?"

Ya ajiye rigar da ke hannunsa. "Zo mu yi addu'a."

"Kai ka yi. Kai ake amsa wa, tunda har a'a ma amsa ce a wurinka." Ta juyo ta fuskance shi. "Ka san abin da na roƙa daga ƙarshe? Na daina cewa a bar mini ita. Cewa na yi, in za a ɗauke ta, a ɗauke ta a hannuna, kada ta farka ta ga ba kowa. Ko wannan ba a ba ni ba. Shekara huɗu rabona da addu'a, amin kawai nake ara muku. Yau dai ka ji."

Ta zaci zai kawo mata wa'azi, ta ma shirya amsa. Sai ta ga mutumin ya zauna a bakin katifa, hawaye na bin gemunsa.

"Kin ɗauka ni ba na ji? Kullum in na ɗauki takardar nan taki sai in rasa bakin magana. Ina riƙewa ne kawai don in na daina ban san abin da zai rage mana ba."

Ya zame ya durƙusa a tsakanin kwalaye. Addu'ar ba ta yi tsawo ba, ba irin wadda yake yi a gaban majami'a ba ce. "Ubangiji, ban san abin da zan ce mata ba. Kai Ka ce mata." Mama na tsaye da tawul a hannu, tausayinsa ya kama ta, amma ba ta ce amin ba.

Kwanaki suka yi ta zubewa. Aka kwashe gado, aka kwashe tebur, firij ma ya tafi, gwangwanayen suka koma kan taga. Ba ta sake cewa za ta zauna ba, don ta san ba inda za ta zauna, amma ba ta kuma sa ko ɗankwalinta a akwati da hannunta ba. Yaya ce ta haɗa mata kaya.

Ana gobe tafiya, da hantsi, akwati na shida ya ƙi sauka daga kilo ashirin da huɗu. Aka cire takalmi, aka cire littattafai biyu, har yanzu da saura. Fasto ya ce to a juye takardun gwangwani a ambulan biyu, a bar gwangwanayen, ai madara ba ta ƙare a duniya ba. Shi zai je ya miƙa makullin majami'a ga dattijon da zai riƙe ikilisiya, Yaya kuma tana fama da fenti a ƙofar kicin. Aikin ya faɗo kan Mama, ba yadda ta iya.

Ta zauna a ƙasa cikin falon da ba komai sai amsa kuwwa. Muna Jira bai ba ta wahala ba, takardu bakwai ne, ta zuba su a ambulan ba ta kalli tata ba. An Amsa kuwa murfinsa ya ƙi buɗuwa sai da ta sa gindin cokali. Ya ɓalle gaba ɗaya, takardu suka watse a siminti, ɗaruruwa, na shekara goma sha ɗaya. Ta shiga tattarawa da gefen hannu tana kau da ido, don ba ta son ganin alherin da aka yi wa kowa aka tsallake ta.

Wata ce ta maƙale a yatsanta. Ruwan hoda ce, irin ta littafin zanen Jela, an naɗe ta sau huɗu. A bayanta ga kwanan wata da manyan lambobi a karkace, bakwai ɗin kamar sandar tsoho. Mama ta san rubutun, ta kuma san ranar. Ranar da suka mayar da ita asibiti ce, komawar da ba ta dawo ba.

"Yaya!"

Yaya ta shigo da burushi a hannu, ta ga takardar, ta tsaya cak.

"Ni na sauko mata da gwangwanin, Mama. Kina ɗaki kina haɗa jakar asibiti. Ta ce in ba ta biro, ta ce kada in gaya wa kowa, sirrinta ne da Yesu. Ban san abin da ke ciki ba. Daga baya kuma da abin ya faru, gaskiya na manta."

Doka ta ce ba a buɗewa. Mama ta daɗe tana juya ta a tafin hannu, sannan ta ce a hankali, "Ki yafe mini, Jela," ta warware.

Layi biyu ne. Yesu, Ka cire mini tsoron zama ni kaɗai, don Mama ta samu ta riƙa yin barci.

Ta karanta, ta sake karantawa. Ta dubi gwangwanin da takardar ta fito daga ciki, ta dubi sunan da ke jikinsa. Ba mai mayar da takarda sai wanda ya rubuta ta. Yarinyar da hannunta ta cire ta daga Muna Jira, ta sa kwanan wata, ta jefa a nan, sannan ta bi uwarta zuwa mota. Sai ga hannun nan da aka ɗaga mata a ɗakin asibiti ya dawo mata. Je ki, Mama, sai da safe. Shekara huɗu tana ɗaukar maganar nan a matsayin gajiyar mai mutuwa, ashe yarinyar sallamar ta ta yi da gaske.

Kukan da Mama ta yi ranar ba irin na jana'iza ba ne, wancan na ihu ne, wannan kuwa daga can ƙasa yake fitowa, har ta kife goshinta a siminti cikin takardun. Yaya ta yar da burushi ta rungume ta ta baya, ita ma tana yi. Can cikin kukan Yaya ta ji uwarta na magana, ta zaci da ita take, sai ta ji ba da ita ba ne.

"Ashe Kana wurin. Ni aka fitar, Kai ba a fitar da Kai ba. Ban gane abin da Ka yi mini ba, har yanzu ban gane ba, kuma da zafi. Amma in Ka zauna da ita a ɗakin nan, to Ka san hanyar layi na tara ma. Ga ta nan, na bar Maka."

Da la'asar ta tafi maƙabarta, ko da yake ba Laraba ba ce. Ta share, ta ba furen ruwa, ta zauna ta ba da labarin sikeli da yadda Yaya ta tsokani Baba. Da ta tashi sai ta dafa dutsen. "Jela, zan tafi. Ke kika ce in je." A bakin ƙofa ta miƙa wa mai gadi tsintsiya da bokiti. Ya karɓa da hannu biyu. Sau uku ta waiwaya kafin ta kai titi, ba kuma don ta daina jin zafi ta ci gaba da tafiya ba.

Da safe suka zauna su uku a kan akwatuna, don ba kujera. Fasto ya juye ambulan ɗin Muna Jira a kan gwiwarsa, ya kai hannu zai ɗauki tsohuwar takardar nan kamar kullum, Mama ta riga shi. Ya dube ta, ya dubi ɗaya ambulan ɗin, ya fara laluben biro a aljihu.

"Bar biron, Baban yara. Wannan ba a amsa ba tukuna. Cewa na yi a warkar mini da ita, kuma sai na gan ta da idona tana gudu zan sa kwanan wata." Ta share ido da bayan hannu. "Amma a da fushi nake yi. Yanzu jira nake."

Ta riƙe takardar a ƙirji, ta rufe ido, ita ta ja addu'ar safiyar nan. Ta roƙa wa dattijon da aka bar wa ikilisiya, da mai gadi da ƙafarsa, da ƙasar da za su wadda ko gaisuwar mutanenta ba su iya ba. Muryarta ta karye sau biyu, suka jira ta. Ba su kai ga amin ba mai tasi ya fara danna ham a waje. Mama ta mayar da takardarta cikin Muna Jira, ta sa ta Jela a tsakiyar fasfo ɗinta, ta ɗauki akwati ɗaya ta fita gaba.